Wa Ya Biya Kuɗin Hankalin Rose? Kundin Karatuna na Littattafai Shida

4 ga Mayu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi. Aikin da na ɗora wa kaina shi ne in karanta littattafai shida na jerin Vampire Academy, waɗanda marubuciyar Amurka Richelle Mead ta fitar tsakanin 2007 da 2010, in bi taurarin ɗaya bayan ɗaya, in ga abin da ke sa mai karatu ya ƙaunace su tun farko, in kuma ga ko sun canza da gaske kafin shafin ƙarshe. In Allah ya yarda, abin da na tara zai zama dogon sharhi da Hausa, don matasanmu masu rubuta labari kashi-kashi a waya.

Silar aikin 'yar yayana ce, mai shekara 16, da ke zaune a wurina. Ranar nan na same ta a bakin ƙofar kicin, shinkafa na neman kamawa a tukunya, waya a hannunta, tana share hawaye da gefen hijabi. Gabana ya faɗi, na zaci rasuwa aka yi. Ta ce, "Goggo, Mason ne ya mutu." Na ce, "Ɗan gidan wa?" Ta ce a littafi ne. Ban yi mata dariya ba. Marubuciyar da ta sa yarinya kuka a kan mutumin da babu shi a duniya ta yi aikin da ya kamata a tsaya a ga yadda aka yi shi.

Na sayi littafin rubutu mai warƙa 80. Kowane tauraro na ba shi shafi biyu, na ja layi uku: abin da yake so, abin da yake tsoro, abin da ya rasa.

7 ga Mayu

Kafin in yi nisa sai da na tsaya a kan suna. In na ce "'yan shan jini", Bahaushe zai tuna matsafan da ake ba da labarinsu, masu sace mutane don neman duniya. In na ce maye, shi kuma kurwa yake kamawa, ba wuya yake cizo ba. Halittar da ke cikin littattafan nan ta Gabashin Turai ce, daga tatsuniyoyin Romaniya da maƙwabtanta. John Polidori ne ya sa mata rigar sarauta a gajeren labarinsa na 1819, Bram Stoker ya ƙarasa aikin da Dracula a 1897. Na tsaya a kan "mashaya jini", da shi zan ci gaba.

Mead ta ɗauko sunaye biyu daga Romaniya ta raba musu aiki. Moroi rayayyu ne, ana haifarsu, suna tsufa, suna mutuwa, suna da gidajen sarauta 12 da sarauniya, kuma kowannensu yana da baiwar sarrafa ruwa, ko wuta, ko ƙasa, ko iska. Strigoi matattu ne masu yawo, babu tausayi, babu tsufa, kuma jinin Moroi suka fi so. A tsakani akwai dhampir, ruwa biyu, rabi mutum rabi Moroi, su ne dogaran da ke tsaron Moroi. Abin da ya tsayar da ni shi ne dhampir biyu ba sa haihuwa da juna, sai da Moroi. Ke nan ranar da Moroi suka ƙare, su ma zuriyarsu ta yanke. Shi ya sa tun suna ƙanana ake cusa musu cewa ran Moroi ne a gaba, nasu a baya. Na rubuta wannan doka da jan biro a saman shafin Rose Hathaway, don jikina yana ba ni da ita za a auna girman yarinyar.

13 ga Mayu

Na gama na farko jiya bayan isha'i.

An buɗe labarin Rose da aminiyarta Lissa Dragomir, 'yar gidan sarautar Moroi, sun shekara biyu da gudu daga makarantar St. Vladimir da ke dazukan Montana, suna ɓoye a Portland. Tun a babin farko, Lissa ta kwana biyu ba ta sha jini ba, sai Rose ta kawar da gashinta ta miƙa mata wuya. A al'adarsu wannan abin kunya ne babba ga 'yar dhampir, irin wanda in ya fita ba ta da sauran mutunci. Jim kaɗan bayan haka, jiri na ɗibarta, ƙafa na rawa, ta tsaya gaban ƙaton dogari Dimitri Belikov za ta yi faɗa da shi don kada a taɓa Lissa. Ko lakutarsa ba ta yi ba, shi ne ma ya tare ta kada ta sha ƙasa.

Nan farin jinin Rose yake. Yarinya ce mai tsiwa, mai rawar kai, bakinta ba linzami, tana son a yaba kyanta, ga saurin hannu: a wurin rawar makaranta ta fasa wa Mia Rinaldi hanci. Amma marubuciyar ta nuna mana wuyan da aka miƙa kafin ta nuna mana bakin. Da an juya jerin, da mun ɗauke ta fitsararriya mun rufe littafin. Da yake mun riga mun ga abin da za ta iya mutuwa a kansa, sai muka riƙa yafe mata tsiwar, har muna jiran ta. Wannan shi ne darasi na farko da zan kai wa marubutanmu, don na sha karanta labarin da tauraruwa ke zagin kowa tun daga kashi na ɗaya har na arba'in, ba a taɓa nuna mana abin da take karewa ba.

Akwai kuma laifin da ba na yafe mata da sauƙi. Ta je ta yi wa Christian Ozera ƙarya cewa tausayinsa kawai Lissa take ji, don ta raba su. Ta ce kariya ce. Ni kishi na gani, kishin ƙawar da ta saba ita kaɗai ce gatan wata.

Canji na gaskiya guda ɗaya na samu a littafin nan. Lissa tana da baiwa ta biyar da aka manta da ita, ta ruhi, wadda take warkar da mara lafiya da ita. Da ita ta dawo da Rose bayan hatsarin motar da ya kashe iyayenta da yayanta Andre, tun daga nan Rose ke jin abin da ke zuciyar Lissa. Amma baiwar tana cin hankalin mai ita, har Lissa ta kai ga yanka hannunta. Rose ta daɗe tana rufa mata asiri. Ranar da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta tona wa manya, ta san sarai Lissa za ta daina yi mata magana. Ta zaɓi ran ƙawarta a kan ƙaunar ƙawarta. A layin abin da ta rasa na rubuta: amincewar Lissa, na ɗan lokaci.

19 ga Mayu

Zafi ya yi zafi, kwana uku ba wuta, karatu ya tsaya. Muna shan iska a tsakar gida 'yar yayana ta tambaye ni wa na fi so. Na ce Christian. Ta yi tsalle ta ce, "Haba Goggo, ga Dimitri?"

Iyayen Christian da kansu suka zaɓi zama Strigoi, shi kuma aka bar shi da tabon. Ba mai zama kusa da shi, ba mai kiran sunansa, kowa na jiran ranar da zai bi sawun iyayensa. Ya mayar da baƙar magana garkuwa. Na faɗa mata a garinmu akwai gidan da aka yi wa kakarsu ƙazafin maita tun ba a haife ni ba, har yau samari na tsallake 'yan matan gidan. Akwai wadda muka yi firamare tare, kullum ita kaɗai take cin abincinta a gindin dalbejiya, ba mai sa hannu a kwanonta. Da na karanta Christian zaune shi kaɗai a saman ɗakin ibadar makarantarsu, ita na gani. Yarinyar ta yi shiru, can ta ce ita ba ta taɓa kallonsa ta wannan fuskar ba.

28 ga Mayu

Frostbite, na 2008. Yanzu na san abin da ya sa ta kuka.

Strigoi sun hallaka iyalin Badica da taimakon mutane, abin da ba a saba gani ba, aka kwashe ɗalibai zuwa wani masauki a tsaunukan Idaho. Dimitri ya amince wa Rose da wani sirri, cewa an ga alamar maɓoyar Strigoi a Spokane. Ita kuma tana fushi da shi, zuciya ta ɗebe ta, ta faɗa wa Mason Ashford, yaron da ke mutuwar sonta, wanda ita take riƙe da shi don ta manta da wani. Mason ya kwashi Eddie Castile da Mia suka tafi farauta. Rose da Christian suka bi su don dawo da su, aka kama su duka. Sun samu hanyar tsira, Mason ya riga ya fita cikin hasken rana inda Strigoi ba sa iya binsa, amma ya dawo saboda Rose. A gabanta aka karya masa wuya.

Wurin da ya fi taɓa ni ba mutuwar ba ce, abin da ya biyo baya ne. Dogarai suna yin jarfa a ƙeya, ɗaya ga kowane Strigoi da suka kashe. Tun littafin farko Rose take ɗokin wannan jarfa kamar yaro da kayan Sallah, tana kuma jin haushin uwarta Janine, shahararriyar dogariya, wadda take gani ta bar ta a makaranta ta tafi neman suna. Ranar da aka yi mata nata guda biyu, babu murna a ɗakin, babu tafi, manyan dogarai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ta cikin shiru. A nan ta gane uwarta. Ba wanda ya zauna ya yi mata wa'azi. Abin da take kwaɗayi ne aka ba ta, ta ɗanɗana, ta ji ɗacinsa.

Mia ma ta ba ni mamaki. Yarinyar da aka fasa wa hanci, an kashe uwarta a wannan littafi, kuma ita ce ta fasa tankin kifi ta shaƙe Strigoi da ruwan, Rose ta samu sarari. Maƙiyiya ta koma abokiyar yaƙi ba tare da an wanke ta daga laifinta na baya ba.

Amma da na zo cike layukana sai na ga sun gaza. A shafin Rose zan rubuta ta rasa Mason. To shi Mason fa? Rose ta yi hankali, shi ya rasa ransa yana ɗan makaranta. Na ɗauki rula na ƙara layi na huɗu a kowane shafi: wa ya biya.

9 ga Yuni

Shafin Dimitri ya ƙi cika, kuma akwai maganar da ba zan tsallake ba. Shekararsa 24, Rose 17, kuma malaminta ne. Marubuciyar ta san da haka, ta sa shi yana ja da baya, yana faɗin cewa bai dace ba. Amma littafin yana tura mai karatu ya riƙa addu'ar ya karaya. Wannan ban yarda da shi ba, kuma zan faɗa a sharhin ba tare da kwana-kwana ba.

Na zaunar da 'yar yayana muka yi maganar. Na ce, "'Yata, in wani malami a makarantarku ya fara yi miki irin kallon nan, me za ki kira shi?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, ai wannan daban." Na ce a takarda ne kawai yake daban. Mun daɗe muna magana, har da wuraren da na ce ta riƙa tsallakewa. Ban ƙwace mata karatun ba, don na fi son ta karanta ina kusa da ta karanta a ɓoye.

Game da farin jininsa kuwa, na gane sirrin. Mutum ne mai kamewa, ba ya yawan magana, ya iya aikinsa, sai ɗan abin da ke sassauta shi: doguwar rigar fata da son littattafan kaboyi. Amma a littafi biyu bai motsa daga inda yake ba. Dutse ne da Rose ke wasa wuƙarta a kai. Tauraron da aka kawo shi a kammale ba shi da inda zai je, sai dai a rushe shi.

22 ga Yuni

Hidimar Babbar Sallah ta cinye mako guda, nama da baƙi. Shekaranjiya na koma, yau na gama Shadow Kiss. An rushe shi kuwa.

Zuwa yanzu wannan ne ƙashin bayan jerin. An tura ɗalibai gwajin aiki na mako shida, Rose ta sakankance Lissa za a ba ta, sai aka ba ta Christian. Tana ganin fatalwar Mason, tana tsoron ta faɗa a ce ta zare. Sannan ta gano cewa duhun da ke cin Lissa ita take zuƙewa ta igiyar da ke tsakaninsu, shi ya sa Lissa ke samun sauƙi ita kuma fushinta ke ƙaruwa. Dokar da na rubuta da jan biro ta tashi daga karatun aji ta shiga jikinta: lafiyar Lissa da hankalin Rose ake saye.

Akwai zaman da aka sa ta yi da mai ba da shawara, matar ta riƙa tambayarta ko ba ta jin haushin cewa rayuwarta duka an tsara ta ne a kan bukatar wata. Rose ta musa da ƙarfi. Irin musun da mai karatu ke jin amsar a ƙarƙashinsa.

Strigoi suka afka wa makarantar. Rose da Christian suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa, shi yana ƙona su da wuta ita tana soke su, abin da manya suka ce bai kamata Moroi ya yi ba. A wurin ceto waɗanda aka sace cikin kogo aka kama Dimitri, aka mayar da shi Strigoi. Ranar da Rose ta cika 18 ta ajiye makaranta, ta tafi cika alkawarin da suka taɓa yi, cewa gara mutuwa da zama haka. Lissa ta tare ta a hanya tana roƙo, har tana tuna mata cewa ita ce ya kamata ta zo a gaba. Rose ta ce a wannan karon kanta za ta zaɓa.

Na ajiye littafin na yi tagumi. Yarinyar da ta miƙa wuya a babin farko ita ce ta juya baya a nan, kuma duka biyun na yarda da su. Littafi uku aka yi ana gina wannan juyawar. A layi na huɗu na rubuta Lissa, na kuma rubuta Adrian Ivashkov, ɗan sarautar da ya ba ta kuɗin tafiya don yana sonta, ita kuma ta san da haka lokacin da ta je roƙonsa.

6 ga Yuli

Blood Promise, na 2009. Rabin farko yana da jan ƙafa, amma ban ga laifinsa ba. Rose ta bi ta Saint Petersburg ta haɗu da Sydney Sage, 'yar Adam daga ƙungiyar da ke ɓoye wa mutane sirrin mashaya jini, ta isa garin Baia a Saiberiya, gidan su Dimitri, wurin uwarsa Olena da kakarsa Yeva da 'yan'uwansa mata. An tashe ta da raina matan dhampir da ke zaman gida suna renon 'ya'ya, ana kiransu da mummunan suna. Ta zo ta tarar da gida mai ɗumi, ana gasa burodi, ana karɓarta kamar matar mamaci. Wani gini da aka yi mata a ka tun tana yarinya ya rushe a nan, a hankali, ba faɗa ba jini.

Sai Novosibirsk. Ta gan shi, ta yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, ya kama ta. Ya kulle ta a ƙasaitaccen gida, yana kawo mata sarƙoƙi da riguna, yana cizonta har ta kamu da son cizon kamar mai shaye-shaye. Wannan ɓangare ya yi mini nauyi, amma na yaba da marubuciyar ba ta ƙawata shi ba. Ta bar jarumarta ta zube ƙasa warwas, ta zama abin da take ƙyama.

Nan na samu amsar tambayar da na daɗe ina juyawa: me ya sa mashayin jinin da ba ya mutuwa yake da wuyar rubutawa? A jerin Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fara fita a 2005, saurayin ya tsaya a shekara 17 tun 1918, kuma wannan tsayuwar ita ce adonsa. Mead ta ɗauki tsayuwar ta mayar da ita abin tsoro. Dimitri na Strigoi yana da fuskarsa, da muryarsa, da duk abin da ya sani, amma ba abin da zai ƙara koya. Rose ta tambaye shi dalilin da yake son ta zauna da shi har abada, amsarsa ta mallaka ce, babu ƙauna a ciki. Da wannan amsar ta samu ƙarfin soka masa turken azurfa a kan gada. Wanda ba abin da zai rasa ba ya girma, shi ya sa marubuciyar ta ba da labarin a bakin wadda ake iya kashewa.

15 ga Yuli

Spirit Bound ya ɓata mini rai, zan taƙaita. Turken bai shiga daidai ba, Dimitri na nan. Don ta samo hanyar dawo da shi, Rose ta fasa kurkuku a Alaska ta fitar da Victor Dashkov, mutumin da ya azabtar da Lissa a littafin farko, ta kuma ja Lissa da Eddie cikin aikin. Eddie, yaron da ya dage ya gyara kansa bayan Spokane, sunansa ya ɓaci a idon manyan dogarai. Adrian kuma da kuɗinsa aka je Las Vegas ba tare da an gaya masa gaskiya ba. Layi na huɗu a shafin Rose ya cika, na ci gaba a gefen takarda.

Abu biyu suka yi kyau. Lissa ce da hannunta, ta ratsa wuta, ta soki Dimitri da turken da ta zuba wa baiwarta, ya dawo. Wadda ake karewa ta zama mai ceto. Shi kuma ya dawo a karye, yana kuka, ya ƙi ganin Rose saboda nauyin abin da ya aikata. Sai yanzu na samu abin rubutawa a shafinsa. An kuma yi dokar tura dogarai fagen fama tun suna 16, Rose ta yi wa Sarauniya Tatiana tsawa a bainar jama'a, aka wayi gari an kashe sarauniyar da turken Rose.

26 ga Yuli

Na gama Last Sacrifice da asuba, ruwa na zuba.

Lissa ce ta fi kowa tafiya mai nisa. Daga yarinyar da ke ɓuya tana yanka hannunta, ta shiga takarar sarauta don kawai a ja lokaci, sai gwaje-gwajen suka nuna mata ta cancanta, ta zama sarauniya. Girmanta na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don mun ga kowane mataki. Christian kuma an sake jarraba shi ta wurin da ya fi ciwo: gwaggonsa Tasha, wadda ta rene shi, wadda ta samu tabo a fuska wajen kare shi daga iyayensa, ita ce ta kashe sarauniya. Littafin bai ba shi filin da ya kamata ba a kan wannan, kuma na ji zafin hakan.

Rose fa? Ta kashe Victor cikin duhun da ta zuƙa, ta ɗanɗani irin nadamar Dimitri. Ta tare harsashin da aka harba wajen Lissa, ta rayu da ƙarfin kanta, igiyar da ke tsakaninsu ta tsinke. Ta samu Dimitri, ta samu aikin tsaron Lissa, an wanke sunanta. Komai ya zo mata.

Sai Adrian ya shigo ɗakin. Ta ci amanarsa tun ba su rabu ba, ya zo ya faɗa mata. Bai tsaya a kan kansa ba, ya lissafo mata Eddie, da Sydney da ta shiga uku a wurin mutanenta saboda ta taimaka mata, da Jill, yarinya ƙarama da aka tsamo daga gidan uwarta aka jefa cikin rikicin fada don Lissa ta cika sharaɗin samun ɗan'uwa na jini kafin ta hau karaga. Na duba littafina, sunayen da ya kira su ne a layina na huɗu. Ashe marubuciyar tana riƙe da lissafin tun farko.

Abin da ya dame ni shi ne amsar Rose. Ta ba shi haƙuri, amma ta juya ta ce masa shi ne ke mayar da kansa abin tausayi. Akwai gaskiya a ciki, Adrian yana ɓuya a bayan kwalba da sigari. Amma ba ranar faɗin ta ba ke nan, kuma ba bakin da ya kamata ya faɗa ba ke nan. Yarinyar ta koyi jarumta, ta koyi haƙuri, ta koyi tambayar dokar da aka tashe ta a kai. Tsayawa ta saurari wanda ta cuta har ya gama, ba tare da ta kare kanta ba, wannan ba ta kai gare shi ba. Kuma dokar jan biron tana nan daram, dhampir na ci gaba da mutuwa don Moroi, sai dai yanzu ƙawarta ce a kan karaga.

30 ga Yuli

Na karanta wa 'yar yayana abin da na rubuta ranar 26. Ta ce na matsa wa Rose, shekararta 18 kacal, wa ya gama hankali a 18? Ta ƙara da cewa da an sa ta durƙusa ta yi kuka a gaban Adrian, da ita ba za ta yarda Rose ce ba. Maganarta ta shige ni. Na rubuta ta a shafin Rose da sunan ra'ayi na biyu, kuma zan sa ta a sharhin kusa da nawa.

Na fara daftari, shafi huɗu zuwa yanzu, duka a kan babin farko da jerin da aka bi wajen nuna halin Rose. Sashen Dimitri da batun shekaru shi ne na gaba, shi zai fi ba ni wuya. Shafukan Adrian da Sydney da Eddie da Jill kuma rabinsu fari ne, ga shi jerin Bloodlines da ya fara a 2011, shi ma littafi shida, a kansu yake, Sydney ce ta fara ba da labarin. Ba zan rufe sashen Adrian ba sai na karanta aƙalla biyu daga ciki. Warƙa 11 suka rage a littafin rubutun, gobe in na fita kasuwa zan sayo wani.